Uwar Garke Ta Ƙi Manaja

Musaddiƙ ya sake danna maɓallan da ɗan ƙarfi, kamar ƙarfin ne zai sa su ji magana. Babu abin da ya fito. Baƙin allo ne a gabansa, sai 'yan fararen haruffa can sama suna neman kalmar sirri. A wurin suna ya riga ya rubuta admin, don shi a ganinsa babu sunan da ya dace da manaja kamar wannan. Amma da ya zo wurin kalmar sirrin, duk abin da ya danna sai ya bi iska, ko ɗigo ɗaya bai bayyana ba.

Ya zare wayar kibod ɗin, ya hura bakinta, ya mayar. Ya ɗauko na wata kwamfutar ya gwada. Duk ɗaya. Ya dai rubuta lambar wayarsa a makance ya danna, kwamfutar ta ɗan yi shiru kamar mai nazari, sannan ta ba shi amsa da gajeren Turanci cewa ba daidai ba ne.

Cibiyar kwamfuta ta ƙungiyar manoman rani ɗaki ne dogo a gefen kanal, a bayan garin Kura, jikin rumbun da ake ajiye taki. Tsofaffin kwamfutoci ne aka ba ƙungiyar kyauta, sun gaji har sai mutum ya kunna ya je ya yi alwala ya dawo kafin su farka. Matarsa Mansura ce ta ce tsohuwar manhajar da ke tafiyar da su ta yi musu nauyi. Ta goge ta, ta ɗora wata mai suna Linux. Babbar da ke lungu, wadda sauran ke karɓar umarni daga gare ta, ita take kira uwar garke, kuma sai jiya da yamma ta gama da ita. Ta miƙe da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a kan tsohon cikinta, ta ce, "Manaja, gobe da safe zan nuna maka ƙofar shiga kafin baƙi su iso."

Da gari ya waye naƙuda ce ta riga baƙin isowa. Shi ya kai ta asibiti a adaidaita sahu tare da gwaggonta Turai, ya baro su can ya garzayo cibiya, don yau ce ranar da ƙungiya ta daɗe tana jira. Wata hukumar tallafa wa manoma ce za ta turo jami'arta daga Kano ta ɗora manhajar da ke sanar da manomi ranar da za a saki ruwa a layinsa da yadda tumatir ke tafiya a kasuwanni. Cibiyar da aka tarar a shirye ita za a kafa wa sola da intanet. Wadda ba ta shirya ba kuwa, rabonta zai wuce Garun Mallam, inda wata ƙungiyar ta daɗe da share ɗaki tana jira.

"Injiniya! Komai daidai?"

Alhaji Datti ne, shugaban ƙungiya, ya leƙo da babbar riga mai sitaci, ƙamshin turare na biye da shi. A waje ana ta sauke kujerun roba, daga bayan rumbu kuma hayaƙin girki na tashi.

Musaddiƙ ya ɗan gyara tsayuwa yadda zai kare allon. "Komai daidai, Alhaji. Ɗumi take yi."

"Madalla. Ka bar ta ta ɗumama sosai. Na rantse wa mutanen Garun Mallam ko hoton solar nan ba za su gani ba."

Bai gaya wa Alhaji zancen asibiti ba. Haihuwar fari ce, da wane baki zai fara? Kuma ko da ya fara, sai ya bayyana abin da ya haɗa naƙudar matarsa da baƙin allo, wannan kuwa doguwar magana ce.

Lokacin da ƙungiya ke neman wanda zai riƙe cibiyar, Alhaji Datti ne ya nuna shi a taro ya ce ga ɗansu mai difloma. Diflomar ta harkar mulki ce, amma ba wanda ya tambaya. Mansura ce ta karanta kwamfuta, ita ma ba wanda ya ambace ta, har shi. Tun daga nan kullum bayan La'asar sai ta zo da kwanon abinci, ta ajiye, ta ja kujera. Da safe mutane su tarar abin da ya lalace jiya ya gyaru, su yi ta sa masa albarka, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce ai yin Allah ne. Bai taɓa cewa shi ya yi ba. Bai dai taɓa cewa ba shi ba ne.

Ya kira wayarta, sai ya tuna ya gan ta a kan katifa lokacin da suke fita. Ya kulle cibiyar, ya ce wa masu jera kujeru zai je ya dawo, ya hau babur.

Hanya cike take da masu kaya. Kwandunan tumatir jere a bakin titi an rufe su da ciyawa, motoci na lodi, masu albasa na ɗinke buhuna. Ya ratsa ta gaban injinan casar shinkafa yana ta hon, ƙaiƙayi na shigar masa ido, har ya isa asibiti.

Gwaggo Turai na zaune a tabarma a barandar ɗakin haihuwa, carbi a hannu, fulas a gefe. Ƙanwar mahaifin Mansura ce, ita ta riƙe ta tun tana ƙarama, kuma duk dangi sun san bakinta ba ya ɓoye abin da ke ranta. Musaddiƙ ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Gwaggo, sannu da zama."

"Har ka dawo? Ka taho da sauran zannuwan?"

"A'a, Gwaggo. Wata 'yar tambaya ce nake so a yi mata."

"Tambaya."

"Kalmar sirri ce. Ta kwamfuta. Idan kin shiga ki ce mata kalmar sirrin uwar garke, za ta gane."

Gwaggo ta tsayar da jan carbin. Ta dube shi daga hula har yatsun ƙafa, a hankali, kamar mai taya akuya a kasuwa.

"Malam Musaddiƙu, yarinyar nan tana ciki tana fama da abin da ko a mafarki ba za ka iya ba. Ni kuma in shiga da tsufana in ce mata uwar garke?"

"Don Allah, Gwaggo. Mutuncin ƙungiya ne gaba ɗaya. Idan baƙin nan suka zo ba ta buɗe ba, shi ke nan, wahalar da ita kanta ta sha ta tashi a banza."

Wannan ta ƙarshen ce ta ɗaga Gwaggo. Ta miƙe tana mita, ta tura ƙofa ta shige. Yana durƙushe yana jiyo muryoyin mata daga ciki, da wani nishi da bai so ya tantance ko na wace ce ba. Jim kaɗan ta fito tana karkaɗe hannu.

"Tashi ka tafi, ba ta cikin hayyacinta. Na ce mijinki na son kalmar sirri, ta ce dambu da zogale. Na ce ke, kalmar kwamfuta, ta sake cewa dambu da zogale, a haɗe, kada a raba. Kwaɗayin cikin nan har kan gadon haihuwa bai sake ta ba."

Ya yi godiya, ya fara laluben takalmi.

"Ba ka tambaye ni jikinta ba," in ji Gwaggo.

Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ungozoma ta ce ɗan bai sauko yadda take so ba. Idan aka yi Azahar ba labari, Kano za a wuce da ita. Na gaya maka ne don ka sani, tunda ba ka tambaya ba."

Ta koma ta zauna ta ɗauki carbinta. Ya so ya zauna, ya tuna kujerun roba da babbar rigar Alhaji. Ya ce zai dawo yanzun nan, Gwaggo ba ta ɗago ba.

A hanyar komawa bai yi hon ko sau ɗaya ba. Maganar Kano kawai yake tunani. Da ya iso gadar kanal ya hangi mai dambu a ƙarƙashin mangwaro, sai ya ga aƙalla wannan zai iya yi wa Mansura. Ya tsaya ya ce a zuba masa na mara lafiya.

Mai dambun ta buɗe roba ta ɗauki cokali. "A haɗa maka da zogalen ko a raba?"

Musaddiƙ ya ƙura mata ido. A haɗe, kada a raba. Ya daki tankin babur da tafin hannu har matar ta zabura.

"Allah ya yi miki albarka!" Ya buga babur ya bar ta da cokali a sama.

Ya koma cibiya ya tarar an fara cika. Ya ratsa masu gaisuwa yana ɗaga musu hannu, ya shiga ya turo ƙofa. Ya rubuta admin. Ya rubuta dambudazogale, harafi bayan harafi, yana faɗa a bakinsa tunda allon ba ya nunawa. Kwamfutar ta yi ɗan shirunta, ta ce ba daidai ba ne. Ya sa babban baƙi a farko. Ya sa duka da manyan baƙaƙe. Ya juya ya fara da zogalen. Ya canza admin ya sa manaja, ya sa Musaddiƙ, har injiniya ya gwada. Amsar ba ta canza ba, kuma ba ta nuna alamar gajiya.

Ya kira Jamaluddeen, abokinsa tun firamare, mai gyaran waya a Kano. Hayaniyar kasuwa ta riga muryarsa shigowa.

"Linux? Kai, wa ya aike ka? To ji nan, ba admin ake sawa ba, root ake sawa. Shi ne oga kwata-kwata."

"Na sa. Ta ƙi."

"Da fasuwod ɗin?"

"Da shi. Kuma kibod ɗin ma ba ya rubutu a wurin."

"Haka take, ɓoyewa take yi. Mugun hali ne da ita. Ka ga, kar ka wahalar da kanka, format kawai. Ba ka da filashin nan da na ba ka? Soka shi, ka goge komai, ka mayar da wadda ka sani. Kafin baƙin su gama cin shinkafa ka gama. Wa zai gane?"

Filashin na cikin durowa. Musaddiƙ ya ɗauko shi ya riƙe. Gaskiyar Jamaluddeen ce, ba mai ganewa, aƙalla yau. Ya kai shi bakin ramin da ake sokawa, sai idonsa ya faɗa kan kwalin da ke ƙarƙashin tebur, wanda Mansura ke ɗora kumburarrun ƙafafunta a kai. Tsakiyarsa har ta lotsa. Makonni ta yi a kan kujerar nan, tana gyara zama, tana cewa saura kaɗan. Ya mayar da filashin durowa ya rufe.

A daidai nan aka ji hon a waje, mata suka rangaɗa guɗa.

Jami'ar siririyar mace ce mai tabarau, da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ta ce sunanta Asta, ta gaisa da dattawa cikin ladabi, ta kuma roƙi a taƙaita, don daga nan Garun Mallam za ta wuce. Alhaji Datti ya ce ai ba wani dogon bayani, sannan ya ɗauko tarihin ƙungiya tun daga ranar da aka fara sakin ruwa a kanal. Da ya iso kan cibiya ya kamo hannun Musaddiƙ ya ɗaga sama.

"Ga injiniyanmu. Ɗanmu ne, a nan aka haife shi. Duk abin da za ki gani a ɗakin nan, kan nan ne ya haifar da shi."

Aka yi tafi. Musaddiƙ ya ji zufa na bin bayansa har cikin wando.

Aka ɗunguma ciki. Dattawa suka zauna a gaba, matasa suka tsaya a baya, mata suka cika tagogi. Malama Asta ta ja kujera gefen uwar garke, ta dubi allon ta yi murmushi.

"Kai, Linux kuka sa? Kun hutar da ni. Bismillah, Injiniya, shigar da ni. Ina buƙatar izinin shugaba kafin in ɗora tamu."

Ya zauna. Ya rubuta admin, ya rubuta kalmar, ya danna. Kowa ya zuba wa allon ido, amsar nan dai ta fito.

"Ɗumi take yi," Alhaji Datti ya yi wa na kusa da shi bayani.

Malama Asta ta rage murya yadda shi kaɗai zai ji. "Akwai asusu mai suna admin a kanta?"

"Na gwada root ma."

"Ba za ta buɗe ba. Irin wannan da root a kulle take zuwa, da gangan, don tsaro. Wanda ya ɗora ta, sunan da ya ba kansa ranar, shi ne shugaba. Wane suna ka sa lokacin da kake ɗorawa?"

Musaddiƙ ya dubi allon. Tun safe yake zagaye sunan nan. Ya gwada nasa, ya gwada muƙaminsa, ya gwada wanda Alhaji ya laƙaba masa, amma wannan ko sau ɗaya hannunsa bai je kansa ba. Ya goge tafinsa a gwiwa, ya fara dannawa da yatsa ɗaya. Wurin suna ba ya ɓoye komai, haruffan suka fito farare tas.

Alhaji Datti ya matso da kujera, ya kanne ido. Bokonsa na yaƙi da jahilci ne, a bayyane yake karatu.

"Man... su... ra. Mansura? Wace Mansurar?"

Musaddiƙ ya rubuta kalmar sirri ya danna. Allon ya cika da rubutu, layi na bin layi, ya tsaya a kan sunanta yana jiran umarni.

"Ta buɗe," in ji Malama Asta.

Ba wanda ya yi tafi. Musaddiƙ ya miƙe ya fuskanci dattawa, bai san inda zai sa hannuwansa ba.

"Alhaji, mai ɗakina ce. Ita ta ɗora wannan, ita ta ɗora sauran. Duk gyaran da kuke gani tun da aka buɗe wurin nan, ita ce. Ni buɗe ƙofa nake yi, in share, in karɓi baƙi."

Sai daga can bayan ɗakin aka ji muryar Malam Sada, wanda gonar albasarsa ke kallon ƙofar cibiyar.

"Shi ya sa! Ni dai na ce kawo abinci ba ya kai mutum har Magariba."

Dariya ta fashe daga tagogi ta shigo ɗakin. Alhaji Datti ya gyara hularsa, ya dubi Musaddiƙ, ya dubi allon, ya juya ga baƙuwa. "To, Hajiya, ai duk gida ne. Matar ɗanmu 'yarmu ce. Solar dai tana nan ko?"

"Bari in duba tukuna."

Ta jawo kibod gabanta ta fara aiki da sauri. Ba a jima ba ta tsaya. "Tana neman kalmar sirrin kuma, haka take yi kafin kowane babban aiki. Faɗa mini kawai, ya fi sauri."

Ya sunkuya ya faɗa a hankali.

"Me?"

"Dambu da zogale. A haɗe."

Wani matashi a baya ya ji, ya maimaita wa na taga, na taga suka miƙa wa na waje. Har masu girki a bayan rumbu sai da aka jiyo shewarsu. Malama Asta ta cije leɓe tana rubutawa. Ta shiga nan ta fita can, ta sa aka kunna sauran kwamfutocin, ɗaya bayan ɗaya suka amsa kiran uwar garke. Ta jingina da kujera.

"Na zaga cibiyoyi da yawa, ban ga wadda aka tsara haka ba. Alhaji, solarku ta zauna."

Sai yanzu tafin ya zo, har da kabbara. Ta ɗaga hannu aka lafa.

"Saura abu ɗaya. Muna buƙatar sunan wanda zai riƙe mana wurin nan. Shi za mu kira horo a Kano, shi za mu riƙa magana da shi."

Alhaji Datti ya yi gyaran murya. "To, ai Manaja..."

"Mansura Abdulsamad," in ji Musaddiƙ.

"Ina take? Ina so in gan ta."

Ya dubi ƙasa. Kunyar da ya yi ta riƙo tun safe ba ta da sauran wurin ɓuya. "Tana asibiti. Ɗakin haihuwa. An ce idan aka yi Azahar ba ta sauka ba, sai Kano."

Malama Asta ta cire tabarau. "To kai me kake yi a nan?"

"Innalillahi!" Alhaji Datti ya miƙe har rigarsa ta ture kujera. "Tun safe kana tsaye kana ce mini ɗumi take yi? Kai wane irin yaro ne?"

Kamar da haɗin baki, ladanin masallacin gefen kanal ya ɗaga murya da kiran Azahar. Malama Asta ta leƙa taga ta kira direbanta, ta ce ya kai shi, kuma ya tsaya a can, idan tafiya Kano ta kama ga mota. Ita za ta ƙarasa aikinta, mutanen Garun Mallam su yi haƙuri da ita.

A gidan gaba ya zauna, sanyin motar na dukansa amma zufar ba ta tsaya ba. Direban ya yi ta ba shi labarin haihuwar 'ya'yansa, bai ji ko ɗaya ba. Addu'ar da ya iya duk ya karanto, wasu ya maimaita.

Tabarmar Gwaggo na nan a baranda, fulas na nan, carbi a kai, ita ba ta nan. Musaddiƙ ya tsaya a kanta. Ya leƙa harabar asibitin ko motar ɗaukar marasa lafiya ta fita, ya kasa tuna ko da safe ya gan ta. Ya ɗaga hannu zai buga ƙofar da aka hana maza, sai ta buɗe da kanta. Gwaggo ta fito da baho cike da zannuwa. Ta ajiye shi, ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ba ta yi sauri ba.

"Ka samu kalmar taka?"

"Gwaggo, yaya jikinta?"

Ta ɗan dube shi, fuskar ta saki. "Yanzu ka yi tambaya. Ta sauka. Mace ce, ga gashi kamar na larabawa. Duk suna lafiya."

Ya durƙushe a kan tabarmar, ya kifa goshi a ƙasa. Da ya ɗago sai ya ga direban a bayansa yana washe baki, ya tashi ya rungume shi kamar tare suka girma.

Sai da aka gyara su aka mayar da su ɗakin hutu sannan nas ta bar shi ya shiga, ta ce kada ya daɗe. Mansura na kwance, fuskarta ta faɗa, leɓunanta sun bushe. Jaririyar na gefenta a naɗe cikin zani, ba a ganin komai sai ɗan hanci da gashin da Gwaggo ta faɗa. Ya tsuguna a bakin gadon ya yi mata sannu, ya sake yi, ya kuma yi, har ta ɗaga yatsa alamar ya isa.

"Ta buɗe?" ta tambaya, muryar can ƙasa.

"Ta buɗe. Sola ta zauna."

Ta lumshe ido. Shi kuwa abin da ke cikinsa ya ƙi zama. Ya matso ya ba ta labari tun daga kibod, da mai dambu, da filashin Jamaluddeen da ya mayar durowa. Da ya zo kan jawabinsa sai ya ɗan gyara murya.

"A gaban kowa na faɗa, Mansura. Ga Alhaji, ga dattawa, ga mata a taga. Na ce ke ce kike komai. Da matar ta nemi sunan wanda zai riƙe wurin, Alhaji har ya fara cewa Manaja, na tare shi. Na ce sunanki za a sa."

Ya dube ta yana jiran yabo. Ta buɗe ido ɗaya.

"To da sunan wa za a sa?"

Ya sosa ƙeya. Ta sake jefo masa wata tambayar.

"Mutum nawa suka ji kalmar?"

"Ai... ina jin duk Kura."

"Sai na canza ke nan." Ta yi ɗan murmushi, ta gyara zanin jaririyar da yatsa. "In na gama wanka na dawo zan buɗe maka naka asusun, da sunanka."

"Na shugaba?"

"Irin na ɗalibai. In ka iya, a ƙara maka."

Musaddiƙ ya buɗe baki zai yi gardama, sai naɗin zanin ya motsa, wani ɗan hannu ya fito a dunƙule, ƙaramar murya ta fara gwada ƙarfinta. Mansura ta nuna masa ita da haɓa.

"Ɗauke ta ka yi mata huɗuba, kafin Gwaggo ta shigo ta kore ka."

"To, ranki ya daɗe," in ji shi. Ya goge tafukansa a riga, ya miƙa hannu biyu.